Magen gidana ce ta fara gaya min, ban ji ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abun amma duk sanda na ɗauko waya na fara sai zuciyata ta karye in goge. Jiya ne wata kwastoma ta turo min saƙo wai in aiko mata da tataccen man ƙamshin nan na mura da nake saidawa zata ɗiga ma jaririnta ɗan wata huɗu a hanci, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, shine nace to yau kam ko da kuka sai na rubuta.

Ni 'yar Gombe ce, a Jekadafari aka haife ni, aure ya kai ni Tumfure. Sana'ata turaren wuta da humra, kuma ba yau na fara ba, tun ina 'yan mata nake zama gefen kakata tana jiƙa itace tana soya farce ina miƙo mata kwalabe. Addata tana aure a Maiduguri, ita ke haɗo min su sandal da hawi da gab-gab ta sako a motar haya in je tasha in karɓa. To da gobara ta cinye kasuwar Monday ta Maiduguri a watan Fabrairun 2023 kaya suka yi wuya, abin da ake samu ma kuɗinsa ya tashi, na yi wata da watanni sana'a tana tafiyar hawainiya. A nan ne wata ƙawata tace me zai hana in shiga harkar tataccen man ƙamshi, wanda 'yan gayu ke ce ma esenshal oyil, in haɗa da difuza, 'yar na'urar nan da ake zuba ma ruwa a ɗiga mai ta dinga fitar da tururi mai sanyi harda fitila kala-kala. Tace amare yanzu shi suke yayi, ba hayaƙi ba toka ba neman garwashi.

Ai kuwa na yi oda. 'Yan kwalabe ne ƙanana masu duhu, mil (mililita) 10 kowacce, akwai na labanda, na na'a-na'a, na kanumfari, na girfa, na bishiyar turare wato yukaliftos, da wani wai shi titiri. Kasuwa ta buɗe min ba laifi. Kuma maganar da nake tallar da ita a status ɗina kullum ita ce "daga ganye ne zalla, ba kemikal a ciki, ko yaro ba abin da zai mishi". Wallahi ba ƙarya nayi niyyar yi ba, haka na ɗauka, a tunanina tunda na'a-na'a muna sha a shayi, kanumfari muna sawa a kunu da zoɓo, to man su ma ai ɗan gida ne. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ganye nawa ake tarawa a turara kafin a tatso 'yar kwalba ɗaya.

Muna da mage a gidan, fara da ɗigon baƙi a goshi, babbar 'yata ce ta tsinto ta tana 'yar mitsitsiya a bayan islamiyyarsu, Abbansu yace a barta tunda ɓeraye sun addabe mu a sito. Lokacin hunturu ne, kun san dai sanyin Gombe da ƙura in Disamba ta shigo, kowa ya rufe taga ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ni kuma kullum da magariba sai in kunna difuza a falo in ɗiga na'a-na'a da yukaliftos wai maganin mura, ta kwana tana aiki in akwai wuta. Na lura magen da ta saba kwanciya a kan kujera ta daina, da na kunna sai ta je bakin ƙofa tana kuka tana karce labule, idonta na ruwa tana atishawa. Nace iskanci ne kawai irin na mage. Har tsawa nake mata.

Sai kuma ƙuma suka kama ta, tana ta susa. Na tuna an ce titiri yana kashe ƙwari, na ɗauko kwalbar na ɗiga mata a bayan wuya da gadon baya haka nan tsurarsa, inaga ɗigo bakwai ko takwas, na murza mata. Da la'asar nayi. Kafin isha'i magen nan ta fito daga ƙarƙashin gado tana tangaɗi kamar wadda ta sha wani abu, ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarta, miyau na dalala har ƙirji, jikinta na karkarwa. 'Yata ta fashe da kuka wai an sa ma magenta guba, har ta fara zargin yaran maƙota, ni ko nayi tsit dan na san wacece mai gubar.

Abbansu yana da aboki likitan dabbobi, ya kira shi, bawan Allah ya zo a daren. Yana shigowa falon ya tsaya ya shaƙi iska yace "madam me kike kunnawa haka?" Ya sa aka kashe difuza aka buɗe tagogi duk sanyin nan, ya sa na wanke ta da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke dan a cire man daga gashinta, aka naɗe ta a tsohon tawul, washegari ya tafi da ita ya mata ƙarin ruwa. Shi ya fara min bayani, yace hantar mage ba irin tamu bace, akwai wani sinadari da hantar mutum ke amfani da shi ta narkar da irin waɗannan mayukan ta fitar, ita mage nata kaɗan ne ƙwarai, sai abun ya taru mata a jiki. Yace dalilin kenan da yasa ko farasitamol ƙwaya ɗaya kan iya kashe mage. Ga shi kuma ita dabba ce mai lashe jikinta, duk abin da aka shafa mata ko tururin difuza ya sauke mata a gashi to cikinta zai ƙare. Ya lissafo min titiri, na'a-na'a, yukaliftos, kanumfari, girfa, yace duk ba abokan zaman mage bane, ya ƙara da cewa masu kiwon aku ko kanari a keji su ma su kiyaye dan numfashin tsuntsu ya fi na kowa saurin kamuwa. Zai tafi ya kalli autana dake wasa a ƙasa yace "wannan ma ki kula da shi, ki ɗaga kwalaben nan sama".

Magen ta tashi bayan kwana uku. Nace alhamdulillah, na daina ɗiga mata komai, amma maganar gaskiya a raina na ɗauka matsalar ta mage ce, dabba ce ai, mu mutane daban. Kwalaben na kwashe su daga kan tebur na mayar gaban madubi, a ganina na ɗaga kenan.

Autan nawa muna ce mishi Baffa dan sunan kakansa ya ci, lokacin shekararsa biyu da wata huɗu, ga ƙiriniya ga hawa, ba abin da baya takawa. Kuskuren da na yi wanda har gobe in na tuna sai naji kamar in mari kaina shine, na sayo yukaliftos babbar kwalba dan in dinga ƙulla ma mutane kaɗan-kaɗan ya fi riba, ƙananan kwalaben da nayi oda basu iso ba, sai na wanke wata tsohuwar kwalbar sirop ta yara na zuba ragowar a ciki. Ita asalin 'yar kwalbar mai tana da wata roba a baki da ke sa shi fita ɗigo-ɗigo, wannan ko bakinta a buɗe yake. Kuma kwalba ce da yaron ya sani, ya saba in ɗauko irinta in bashi abu mai zaƙi a cokali.

Ranar wata Asabar ce, kusan sati uku da abin magen. Dada, wato mahaifiyar Abbansu, ta zo daga Kumo zata kwana biyu a wajenmu, ina kicin ina tuƙa tuwo ita tana sallar la'asar, 'yata ta tafi islamiyya. Shirun da naji ne ya dame ni, duk uwa ta san wannan shirun. Na leƙa ɗaki na ganshi a tsaye kan kujerar madubi, kwalbar a hannunsa, gaban rigarsa a jiƙe, ya yamutsa fuska yana goge harshe da hannu yana cewa "yaji, yaji". Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki warin man. Na fizge kwalbar na duba, ban san nawa ya sha ba nawa ya zube, na shinshina bakinsa naji kamar na buɗe kwalbar man zafi.

Na ƙwalla ihu Dada ta sallame ta shigo da gudu. Tana jin abin da ya faru tace "ke 'yar nan maza kawo manja". Ni ma abin da na taso na gani kenan, yaro ya sha kalanzir ko wani abu a ɗura mishi manja ko madara ko a sa mishi yatsa ya amayar. Na kawo, ta matse shi a cinya ta ɗura mishi cokali ɗaya yana kuka yana fizge-fizge, ta ƙara na biyu sai ya ƙware, ya dinga tari har idonsa ya yi ja, sai amai. Dada tace yauwa ya fito, shikenan. Wallahi nima na ɗan ji sanyi a raina, na canza mishi riga na goya shi.

Ba a yi minti ashirin ba naji ya saki jiki a bayana, wani irin nauyi da ba na barci ba. Na sauke shi na tsayar ya kasa tsayuwa, ƙafafunsa na harɗewa, kansa na lilo, kuma wallahi tallahi abin da ya faɗo min a rai a lokacin shine magen nan, irin tangaɗin sak. Na kira sunansa ya buɗe ido da ƙyar ya mayar. Ban tsaya neman hijabi mai kyau ba, na zari na Dada na sallah, na jefa kwalbar a jaka, ban ma san dalilin da yasa na ɗauka ba Allah ne kawai, muka fita titi muka tare Keke Napep. Abbansu yana kasuwa na kira shi ina magana bai gane me nake cewa ba sai da mai Napep ɗin ya karɓi wayar ya gaya mishi asibitin da zamu. Daga Tumfure zuwa cikin gari ranar gani nayi kamar za a je Bauchi.

A ɓangaren gaggawa na yara suka karɓe shi, aka sa mishi oksijin da ƙarin ruwa. Likitar mace ce, ba zata wuce sa'ata ba, ta karɓi kwalbar ta shinshina ta kalli takardar jikinta da ke cewa sirop ta kalle ni, bata ce komai ba amma na gwammace ta zage ni. Ta tambaye ni ƙarfe nawa ya sha, kamar nawa, ya yi amai, an bashi wani abu? Nace manja. Ta ajiye biro tace "Maman Baffa, yanzu abu biyu muke tsoro maimakon ɗaya." Tace shi man yukaliftos yana saurin shiga jini ya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ƙarami abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba ma, wato ƙasa da mil 5, zai iya sa shi suma ko jijjiga. Sannan ɗura da aman da aka sa shi, in mai ya kauce hanya ya gangara huhu yana haddasa ciwon huhu mai tsanani, ga yaron da hankalinsa ya fara gushewa bai iya kare maƙogwaronsa. Dada na gefe tana jan carbi, ta sunkuyar da kai, naji tausayinta dan ita da zuciya ɗaya tayi, kuma ni na miƙo manjan da hannuna.

Daren nan ban runtsa ba. Ina zaune kan kujerar roba na riƙe ƙafarsa ina kallon ƙirjinsa na hawa da sauka, numfashinsa har lokacin warin man yake. Wajen ƙarfe ukun dare ya motsa ya buɗe ido yace "Umma ruwa", ban san sanda na durƙusa a ƙasan wajen nayi sujjada ba. Washegari zazzaɓi ya taso da tari, aka yi hoton ƙirji aka ce ɗan abu ya shiga amma da sauƙi, aka ɗora shi kan allurai. Kwananmu huɗu aka sallame mu.

A kwanakin nan na dami likitar da nas-nas da tambaya, tunda na ga jahilcina a fili gara in kwashe abin da zan iya. Wata nas babba mai yawan barkwanci ita ta zaunar da ni tace ba ni kaɗai bace, lokacin sanyi suna ganin iyaye da ke cusa ma jarirai man zafi a hanci ko su narka a ruwa su basu wai ya fasa majina. Tace in je in karanta jikin kwalbar man zafin, da yawansu an rubuta kar a shafa ma yaron da bai kai shekara 2 ba kuma kar a sa a cikin hanci, dan akwai kafur da mental a ciki, kafur in yaro ya haɗiya yana kawo jijjiga cikin ɗan lokaci. Daga baya da na bi diddigi na ga ashe a Amurka tun 1983 aka kayyade kar kafur ya wuce kashi 11 cikin 100 a irin waɗannan magungunan, saboda yaran da ya sha illatawa. Man kanumfari kuma da muke ɗiga ma haƙori, yaro ya kurɓe shi hanta yake taɓawa.

Wadda ta fi girgiza ni ita ce maganar ƙwallon kafur ɗin nan fari da muke jefawa cikin akwatin kayan jarirai dan ƙamshi da kyankyasai. Tace yawancin na kasuwa wani sinadari ne daban mai suna naftalin, kuma akwai yara da yawa a ƙasar nan musamman maza da ake haifa da ƙarancin wani abu a jini da ake kira G6PD, irin waɗannan ko a kayan sawa suka shaƙa ko ya taɓa fatarsu jininsu na iya fashewa shawara ta kama su, idon jariri yayi ɗorawa, in tayi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ni da na haifi yara uku duk da kafur na adana kayansu, har gudunmawarsa nake kaiwa gidan suna a cikin kayan barka. Allah ne dai ya rufa asiri.

Da muka dawo gida Abbansu cewa yayi in kwashe komai in zubar, sana'ar ma a bari. Na yi shiru dan bani da bakin magana, sai bayan sati biyu da ya huce muka zauna. Ban bar sana'ar ba amma ta canza. Ya sayo min akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana da kwaɗo, yana saman wadrob, makullin na cikin jakata. Ba na sake juye mai a kwalbar da ba tashi ba, kuma na daina ƙulla ma mutane, in zaki saya ki sayi mai murfinsa da takardarsa. Difuza in zan kunna sai yara sun tafi makaranta, minti talatin na kashe, taga a buɗe ƙofa a buɗe yadda magen zata fita abinta, ɗakin barcin yara kam bata shiga kwata-kwata. In babba zai shafa a jiki sai an surka da man kwakwa ko man zaitun, ɗigo 6 a mil 30 wato wajen cokali biyu na cin abinci, a fara gwadawa a ɗan waje a hannu a ga ko zai yi ja. Mai jariri ko mai goyon da bai shekara biyu ba ko mai yaro mai asma ko mai ciki, ina gaya mata ta fara tambayar likita, in ta matsa nace bani da shi. Har turaren wutan ma da na gada, yanzu sai an fitar da jariri nake sa kasko, hayaƙin ya lafa kafin a dawo da shi, abin da kakata da tana raye zata ce iyayi ne.

Na rasa kwastomomi, ba zan ɓoye ba. Wata har ta ce min wai na cika tsoro, ita tun kakanninta ake shafa ma yara man zafi ba abin da ya same su, nace haka ne hajiya Allah ya ƙara tsarewa, ban ja da ita ba dan nima da bakina na faɗi irin wannan. Ita ko ta jiya mai jariri ɗan wata huɗu kiranta nayi a waya, na bata labarin nan tun daga kan mage, nace ta samu ruwan gishirin nan na ɗigawa a hanci da ake saidawa a kemis na jarirai, in numfashin na mishi wuya ko yana ƙin kama nono ta kai shi asibiti kar ta jira. Ta yi shiru can tace to ta ji, ban sani ba ko ta je ta saya a wani wajen.

Dada kuwa da ta zo bikin sallah wata maƙociyarmu ta shigo a rikice yaronta ya sha kalanzir tana neman manja, kafin in buɗe baki Dada ta riga ni, tace "a'a kar ki bashi komai, ɗauki jarkar ku tafi asibiti", ta ciro kuɗin Napep daga bakin zaninta ta miƙa mata. Baffa yanzu ya shiga nazire, baya tuna komai, sai dai har yau ko alewa mai na'a-na'a aka bashi sai ya tofar yace yaji. Magen tana nan ta haihu sau biyu, kuma in dai taga na taka kujera na miƙa hannu saman wadrob sai ta tashi ta fice tsakar gida.